Buɗaɗɗiyar wasiƙa daga Damagaram zuwa ga Ministan Tsaron Ƙasa: uraniyom, jirgin ƙarƙashin teku da abin da za mu iya ƙerawa

Mai girma Minista, ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, ina kuma yi mana ta'aziyyar 'ya'yanmu sojoji da suka kwanta dama a bakin daga. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Ni tsohon malami ne da ya koyar da aikin ƙarfe da injuna a nan Zinder har ya aje alli, kuma da ɗan wannan sanin nake rubuto maka.

Tun da gwamnati ta karɓe lasisin ma'adinin uraniyom na Imuraren daga hannun kamfanin Orano na Faransa a watan Yunin 2024, ta kuma mayar da SOMAIR, kamfanin haƙar uraniyom na Arlit, mallakar ƙasa a Yunin 2025, wata magana ta kama bakin samari a fadojinsu, daga Birni har Garin Malam. Cewa suke yi tunda uraniyom ya dawo hannunmu, sai mu ƙera da shi abin da manyan ƙasashe ke ƙerawa. Wasu bam suke nufi. Wasu kuma, masu bin labaran duniya, jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku mai aiki da nukiliya suke kira, wai ƙasashen AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, su haɗa kuɗi su yi nasu, a nemi tashar ruwa wajen wata ƙasa aminiya a aje shi. Ban ji gwamnati ta ce tana da wannan niyya ba, ba kuwa ɗora mata nake yi ba. Amma ban mayar da maganar abin dariya ba, don samarin nan su ne ake cirar kuɗi a katin wayarsu ana zubawa a asusun ceton ƙasa, kuma da irin wannan buri za su auna aikinku gobe. Gara a zauna a yi musu lissafi. Jirgin nan shi ne ƙololuwar abin da masana'antar yaƙi ta iya, saboda haka lissafinsa yana nuna a fili abin da ƙerawa a gida take ci, da inda take da riba da inda ba ta da ita.

Mu fara da uraniyom ɗin kansa. Abin da ke fitowa daga Arlit tun 1971 gari ne da ake durawa a ganguna, kuma ɓangaren da ke ba da makamashi a cikinsa, wato U-235, bai wuce kashi 0.7 cikin ɗari ba. Shekara da shekaru ana kai gangunan Kwatano, a ɗora a jirgi zuwa Faransa, a sarrafa garin a Malvési kusa da Narbonne, a wuce da shi Tricastin, a can ne ake tace shi a cikin dubban na'urori masu juyawa da gudun da ya wuce hankali. Tashar wutar lantarki tana son kashi 3 zuwa 5. Jiragen ƙarƙashin tekun Amurka da na Ingila suna aiki da wanda aka tace ya haura kashi 90, irin na bam ke nan. Faransa ta zaɓi mai ƙaramin mataki, amma dole take buɗe jirgin lokaci zuwa lokaci ta sake masa makamashi. Ko mataki ɗaya na wannan aiki ba a yin sa a ƙasarmu. Kai, ko garin ma ba da kayanmu kaɗai muke yin sa ba. Da aka rufe iyakar Benin bayan 26 ga Yulin 2023, ba a jima ba SOMAIR ta tsayar da sarrafawa saboda sinadaran da ake shigowa da su ta Kwatano sun yi ƙasa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Bam dai ƙofarsa a rufe take, don Nijar tana cikin yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya, ta kuma sa hannu a ta Pelindaba da ta haramta su a nahiyar Afirka. Jirgi mai tafiya da nukiliya ba a haramta shi kai tsaye ba, sai dai wanda ke so ya zauna da hukumar makamashin nukiliya ta duniya su tsara yadda za a sa ido a kan makamashin, kuma wannan zama kansa shekaru yake ci.

A ce ma an samu makamashin. Saura tukunyar. Tukunyar nukiliya ce da za a matse a cikin bututun ƙarfe, mutane gommai suna kwana suna tashi 'yan taku kaɗan daga gare ta wata da watanni, a zurfin da nauyin ruwa ke murƙushe ƙarfe. Kuma dole ta yi shiru, don jirgin da ake jin ƙararsa ya tashi aiki. A nan ne aikina ya shigo, ranka ya daɗe. A 1963 jirgin Amurka mai suna Thresher ya nutse da mutum 129, kuma masu bincike sun fi karkata ga cewa mahaɗar bututun ruwa ce ba ta kamu da kyau ba. Mahaɗa fa, irin wadda nake duba wa ɗalibai a aji. A 2000 Kursk na Rasha ya tafi da mutum 118. Sifaniya, wadda ta daɗe tana ƙera jiragen ruwa, ta gano a 2013 cewa sabon jirginta na ƙarƙashin teku, wanda ba ma na nukiliya ba ne, ya yi nauyin da in ya nutsa ba lalle ya taso ba, saboda kuskuren lissafi. Sai da aka ƙara masa tsawo, bai shiga hannun sojoji ba sai 2023. Wannan aiki yana son dubban masu walda da kowane ɗinkinsu za a haska da na'ura a sa hannu, da masana'antar da ke narka ƙarfe na musamman, da wutar da ba ta ɗaukewa ko na minti guda.

Shi ya sa tun da Nautilus na Amurka ya fara tafiya a 1955, ƙasashe shida ne kawai suka mallaki irin wannan jirgi: Amurka, Rasha, Ingila, Faransa, Sin da Indiya. A cikinsu ma ba kowa ne ya yi shi kaɗai ba. Jirgin Ingila na farko, Dreadnought, tukunyar Amurka aka sa masa. Indiya ta fara shirinta a shekarun 1980, ta yi hayar jirgi daga Tarayyar Sobiyat a 1988 don koyo, ta samu taimakon injiniyoyin Rasha, duk da haka Arihant bai fara aiki ba sai 2016.

Kuɗin kuwa, jirgi ɗaya na Amurka samfurin Virginia yana cin sama da dalar Amurka miliyar 4, wato ya haura miliyar 2,000 na sefa. Kasafin kuɗin ƙasarmu na shekara guda cur, da albashin malamai da na likitoci da na sojoji da biyan bashi, yana wajen miliyar 3,000. Jirage shida da Faransa ke ƙerawa a Cherbourg, waɗanda Suffren ne na farinsu, suna wajen yuro miliyar 10, kasafinmu na shekara biyu ke nan. Ostareliya ta fi kowace ƙasa a duniya arzikin uraniyom a ƙarƙashin ƙasa, ga kuɗi ga jami'o'i, amma da ta so jirgin a 2021 sai ta je wajen Amurka da Ingila, kuma gwamnatinta ta ƙiyasta abin zai iya cin dalar ƙasarta miliyar 368 cikin shekara talatin. Diyyar da ta biya kamfanin Faransa don kawai ta fasa kwangilar farko yuro miliyan 555 ce, sama da miliyar 360 na sefa, ba a ba ta ko ƙusa ba.

Ƙasar da na fi so samarinmu su duba ita ce Brazil, don ita ce ta rantse za ta yi da hannunta. Tana da uraniyom nata. Tana da gaɓar teku ta fiye da kilomita 7,000. Tana ƙera jiragen sama da duniya ke saye, har da Super Tucano da Najeriya da Mali da Burkina Faso suka saya. Sojojin ruwanta sun fara shirin a 1979. A 1987 ta sanar cewa ta iya tace uraniyom da na'urorinta. A 2008 ta ga gangar jikin jirgin ta fi ƙarfinta ita kaɗai, ta ƙulla yarjejeniya da Faransa, aka gina sabuwar masana'anta a Itaguaí. Har yau jirgin, wanda aka raɗa wa suna Álvaro Alberto, bai taɓa ruwa ba, ana maganar sai bayan 2030. Yaron da aka haifa shekarar da aka fara yanzu yana aurar da 'ya'ya. Ba rashin ƙwaƙwalwa ne ya jawo haka ba. Duk lokacin da tattalin arziki ya girgiza sai a datse kuɗin shirin, aiki ya tsaya, ƙwararru su nemi wani wurin, in kuɗi ya dawo a sake tattaro su. Babban aikin ƙarfe ba ya jure yunwar shekara biyu, kuma wannan darasi ya shafe mu ko da masana'antar harsashi kawai muka sa a gaba.

Mu mutanen Damagaram mun san doki: ba ranar saye ake sanin tsadarsa ba, sai an shiga harawa da dawa da kanwa da mai kula da shi. A 2019 hukumar binciken kuɗin gwamnatin Ingila ta ce akwai tsofaffin jiragen nukiliya 20 da suka daina aiki suna jibge a Devonport da Rosyth ba a wargaza su ba, kuma ajiyarsu kaɗai ta ci wajen fam miliyan 500. Afirka ta Kudu tana da jirage uku na ƙarƙashin teku masu aiki da gazuwal da batir da ta saya daga Jamus, amma sau da yawa a tashar ruwa suke kwana saboda ƙarancin kuɗin gyara.

Maganar teku ba ta son dogon bayani. Mu da Mali da Burkina babu mai ita. Makamin da ka aje a tashar wani, da izinin mai tashar zai fita. Mun ga haka a 2024 da ɗanyen manmu ya isa tashar ruwan Sèmè ta Benin ta bututu, aka hana loda shi har sai da aka yi ta kai da kawowa. Sannan waɗanda suka kashe mana sojoji a Bosso a 2016, da 71 a Inates a Disambar 2019, da 89 a Shinagodar wata guda bayan nan, ba ta teku suka zo ba. A kan babura da a-kori-kura suka zo, yanzu kuma sun ƙara da nakiyar da ake binnewa a hanya da ƙananan jirage marasa matuƙi da ake saye a kasuwa.

To in ba wannan ba, sai mu naɗe hannu mu ci gaba da saye? A'a, ranka ya daɗe, kuma garin nan da nake zaune ya isa shaida. A zamanin Sarki Tanimu, a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, Damagaram tana sayo bindigogi ta hanyar Sahara, amma ba ta tsaya nan ba. Maƙeran Birni sun zuba igwa a nan, ana haɗa albarushi a nan, an kewaye gari da ganuwa. Da wannan ƙarfi Damagaram ta zama abin tsoro ga maƙwabta, har ta daina sunkuya wa Borno yadda take yi a da, kuma a zamanin Amadu Kuran Daga ta kai yaƙi har ƙasar Kano. Duk ɗan Zinder yana alfahari da wannan, ni ma haka. Amma labarin bai ƙare nan ba. A watan Yulin 1899, a Tirmini, rundunar Faransa da ba ta kai ta sarki yawa ba ta tarwatsa mayaƙan Damagaram da bindigogi masu cin harsashi ta baya, masu saurin ɗuri da dogon zango. Igwar da ta razana maƙwabta ba ta tsayar da su ba. Kakanninmu sun iya zubin ƙarfe, sai dai ba su da hanyar sanin inda ƙira ta kai a wasu ƙasashe, balle su bi sahu. Bindigar da ka ƙera a gida, in ta fi ta abokin gaba rauni, ɗanka ne zai mutu riƙe da ita. Ina faɗin haka ne don kada alfahari ya sa wata rana a tura yaro daji a cikin motar da aka liƙa wa faranti a gareji aka kira ta mai sulke, ba tare da an gwada ta da nakiya ba.

Turkiyya, wadda muka sayi jirage marasa matuƙi samfurin Bayraktar TB2 daga gare ta suka iso a 2022, ta bi hanyar da ta fi kama da abin da za mu iya koyi da shi. Bayan rikicin Kubrus na 1974 Amurka ta hana ta makamai. Ba jirgin nukiliya ta sa a gaba ba. A 1975 ta kafa ASELSAN, kamfanin na'urorin lantarki na soja, kuma aikinsa na farko rediyon sadarwa ne na sojoji. A 1985 ta kafa hukuma ta musamman da asusu mai hanyar shigar kuɗi tasa, don kada shirin ya riƙa jiran rahamar kasafin kowace shekara. Ta riƙa sa wa masu sayar mata da kaya sharaɗin a haɗa wani ɓangare a ƙasarta, a koya wa 'ya'yanta. TB2 bai tashi ba sai 2014, shekara arba'in bayan takunkumin. Ko a lokacin ma kyamararsa ta Kanada ce, injinsa na Ostiriya. Da Kanada ta hana kyamarar a 2020 saboda yaƙin Karabakh, Turkiyya ta ɗora tata ta ASELSAN. Abin lura a nan shi ne ba komai take yi da kanta ba, amma ranar da aka rufe mata ƙofa tana da mutanen da za su toshe giɓin. Har yau ita ma ba ta da jirgin ƙarƙashin teku na nukiliya.

Akwai kuma waɗanda suka bi hanyar suka yi tuntuɓe, kuma sun fi kusa da mu. An kafa DICON, kamfanin ƙera makamai na Najeriya, a Kaduna tun 1964, amma ya yi shekaru a kwance har ana yi masa ba'a da cewa kujeru da tebura yake yi, don sojojin ƙasarsa sun fi son sayayya a waje. Sai da yaƙin Boko Haram ya matsa aka waiwaye shi, aka fito da mota mai sulke ta Ezugwu a 2019. Habasha ta ba kamfanin sojojinta METEC manyan kwangiloli ba tare da gasa ba, har da na madatsar ruwa da masana'antun sukari, aka wayi gari ayyuka ba su kammalu ba, shugabansa ya shiga hannu a 2018. Kamfanin makamai na Denel na Afirka ta Kudu, wanda igwarsa ta yi suna a duniya, ya kai matsayin da bai iya biyan albashin ma'aikata cikakke ba, injiniyoyinsa suka watse zuwa ƙasashen Larabawa. Dukansu ba ilimi suka rasa ba.

Lissafin masana'anta ba shi da tausayi. Injin da ke buga harsashi, ko ya yi aiki ko bai yi ba, kuɗinsa ɗaya ne, ma'aikatansa kuma sai an biya su. In abin da sojojinmu ke buƙata a shekara bai kai abin da injin ke iya fitarwa ba, kowane harsashi zai fi na waje tsada. Tagullar da ake yin kwanson, da sinadarin da ke tayar da shi, da albarushin kansa, duk da farko daga waje za su zo, ta Lome, su ratsa Burkina da rakiyar sojoji. Saboda haka gaskiya ita ce kayan gida za su fi tsada na wasu shekaru, kuma ya kamata a faɗa wa jama'a haka tun da wuri. Akwai abin da ya cancanci a biya wannan ƙarin dominsa, wato abin da ake ƙonawa kullum, wanda in aka datse maka shi wata uku yaƙi ya tsaya. Harsashin Kalashnikov yana cikin wannan layi. Jirgin yaƙi na sama ba ya ciki, a saye shi kawai. Kuma a nan ne ƙawancen AES zai yi amfanin da ya wuce na jawabi: ƙasashe uku masu riƙe da bindiga iri ɗaya kasuwa ce da za ta iya ciyar da masana'anta guda. In kowace ta ce sai ta gina tata don tuta, uku za su kwanta tare. A raba aikin, wannan ta yi harsashi, waccan ta yi gyaran motoci masu sulke, a rubuta alkawarin saye na shekaru a sa hannu.

Kafin harsashi ma akwai gyara, kuma shi na fi damuwa da shi. Sojojin Faransa sun fita a Disambar 2023, na Amurka sun bar Agadas a 2024, an kuma dakatar da tallafin da ƙasashen yamma ke bayarwa. Duk jirgi ko motar da wani ya ba ka kyauta, kayan gyaranta suna hannunsa. Sababbin abokan hulɗa ma 'yan kasuwa ne, kuma su ma suna iya shiga nasu yaƙin su manta da kai. Motar da ta tsaya saboda famfon mai ko wani ɗan ƙarfe da injin sassaƙa zai fitar cikin awa biyu, daidai take da motar da abokin gaba ya ƙone. Roƙona shi ne kada a ƙara sa hannu a kwangilar sayen kaya sai da sharaɗin littattafan gyara, da kayan aiki, da horar da makanikanmu har su iya kwance inji su mayar. Mai sayarwa zai ƙara kuɗi. A biya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma abubuwan da ba su da ƙyalli, shi ya sa ba a son ambatarsu a taro. Fatunmu suna tsallakawa Kano ɗanyu ko rabin jima, alhali majemar Zinder da dukawanta sun shahara tun kafin Bature. Takalmin soja, ɗamara, jakar harsashi, tanti, kaki, gadon asibitin daji, tankin ruwa, abincin da ba ya lalacewa a rana, duk kuɗi ne masu yawa da ke fita kowace shekara. In aka ba masu sana'a ma'auni tsayayye, aka gwada abin da suka kawo ba sani ba sabo, aka biya su a kan lokaci, cikin 'yan shekaru za a ga ƙananan masana'antu sun tsaya da ƙafarsu, kuma daga cikinsu ne ake samun masu iya aiki da ma'auni. Samarin unguwar Kara-Kara da ake yi wa kallon 'yan ta-da-zaune-tsaye, da yawansu aiki suka rasa. Haka ƙananan jirage marasa matuƙi na leƙen hanya. Yaƙin Yukren ya nuna cewa na 'yan ɗaruruwan dalar Amurka yana iya lalata tankar miliyoyi. Injinsa da batirinsa da kyamararsa daga Sin za su zo, kada mu ruɗi kanmu, amma haɗawa da gyarawa da sarrafa manhajarsa, da na'urar da ke rikita na abokin gaba, aiki ne da ɗaliban EMIG, makarantar injiniyoyin ma'adinai da masana'antu ta Yamai, da na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi da na André Salifou ta nan za su iya in an ba su ɗaki da kaya da wanda zai saya.

Duk wannan sai da wuta. A watan Agustan 2023 Najeriya ta yanke layin da ke ba mu mafi yawan lantarkinmu, muka ga yadda masu walda da masu niƙa suka zauna. Ga matatar mai ta SORAZ a arewa da mu tun 2011 tana tace ganga 20,000 a rana, amma garin da ke kusa da ita har yanzu yana fama da ɗaukewar wuta da layin jarkoki a lokacin zafi. Injin sassaƙa na zamani in wuta ta ɗauke masa a tsakiyar aiki, ƙarfen ya lalace. Na san wuta da ruwa ba a ofishinka suke ba, amma ka fi ni bakin faɗa a majalisar ministoci cewa su ne harsashin ginin kowace masana'antar tsaro.

Yanzu sai maganar da ta fi nauyi a baki, ka yi mini afuwa. A 2020 binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya nuna wajen miliyar 76 na sefa sun salwanta ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba, a daidai lokacin da ake binne yaran Inates da Shinagodar. Ba a zamaninku aka yi ba, kuma yana cikin abin da ya sa jama'a suka fito suka mara muku baya. Amma a Fabrairun 2024 an yi dokar da ta cire sayayyar kayan tsaro daga ƙa'idojin kwangilar gwamnati da aka saba. Na fahimci dalili, yaƙi yana son gaggawa da sirri. Sai dai masana'antar cikin gida ba ta rayuwa a cikin duhu, don babban abokin gabarta shi ne dillalin da ke samun kamasho a sayayyar waje, kuma shi duhu ya fi so. Ba sai an faɗa wa duniya bindiga nawa muke da su ba. Amma babu sirrin tsaro a farashin takalmi ko na taya. A samu wasu amintattu 'yan kaɗan, alƙalai da masu binciken kuɗi da aka rantsar, waɗanda ke ganin kowace takarda, a kuma riƙa faɗa wa masu zuba kuɗi a asusun ceton ƙasa kashi nawa aka kashe a hannun 'yan ƙasa.

Ilimin nukiliya kuwa kada a yar da shi don jirgin ya gagara. Muna da hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, HANEA, muna da cibiyar nazarin sinadaran nukiliya a jami'ar Abdou Moumouni, kuma tun 2021 ake gasa cutar daji da na'ura a Yamai, abin da a da sai an fita waje. Mai cutar daji daga Gure ko Tanut har yanzu sai ya yi tafiyar kilomita wajen dubu kafin ya kai ga na'urar. Ma'aikatar haƙar uraniyom ta COMINAK da ta rufe a 2021 ta bar tarin dusar ma'adini mai guba na wajen tan miliyan 20 a Akokan, kuma 'ya'yanmu ne za su zauna da ita bayan kowa ya tafi. In aka ware wani kaso sananne na kuɗin uraniyom don karantar da yara ilimin nukiliya da na sinadarai da na ƙarafa, aka tanadar musu aikin da za su dawo su tarar, to ranar da maganar tashar lantarki ta nukiliya ta tashi da gaske za mu zauna a teburin da mutanen da suka san abin da ake sa wa hannu.

Ga abin da nake roƙo a gwada, don bai buƙatar jiran kowace ƙasa. A ƙirga motocin sojoji da na jandarma da na garda da suka tsaya a barikokin jihar Damagaram. A ware fili guda, a sa makanikan soja su shugabanci aikin, a buɗe ƙofa ga malaman cibiyoyin koyon sana'a da ɗalibansu da gogaggun masu gareji na gari bayan an tantance su. A ba su injin sassaƙa, da janareto, da kuɗin kayan gyara na shekara guda. In shekara ta cika a faɗi mota nawa suka tashi, nawa aka kashe, a gwada da kuɗin sababbi. In lissafin bai fita ba a rufe, in ya fita a kai shi Diffa da Tawa da Tilaberi. Akwai tsofaffin malamai irina a garin nan da za su zo su tsaya a kan yaran ba tare da sun nemi ko sisi ba.

Allah ya taimake ka, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.

Naka,
Tsohon malamin aikin ƙarfe,
Zinder